Zare dubu biyar a bakin madubi guda: yadda cibiyoyin taurari ke haɗa hannu su ƙera na'urar tsefe haske

A fara da lissafi, tunda shi ne ya jawo duk aikin. Masu shirin DESI, na'urar tsefe haske da ke jikin madubin hangen taurari a kan dutsen Kitt Peak na jihar Arizona a Amurka, sun ƙuduri auna nisan galaksi wajen miliyan 40, kowace ɗaya garke ce ta taurari biliyoyi. A ce kowace tana buƙatar minti 20 na tara haske, kuma ɗaya bayan ɗaya ake bin su. Awa sama da miliyan 13 ke nan. Ko da kowane dare ana samun awa takwas na duhu, ba hadari ba farin wata, sai an shafe shekara fiye da 4,500. In kuwa madubin zai ɗauki 5,000 a tashi guda, lissafin ya sauko zuwa dare 330 da ƴan kai. A aikace shekara biyar aka ware, saboda gajimare da wata da sauran cikas, amma shekara biyar abu ne da gwamnati za ta yarda ta zuba wa kuɗi.

Na'urar da ke wannan aiki ita ce sifektirogiraf, mai tsefe hasken abubuwa da yawa a lokaci guda. Manyan na zamanin nan babu wadda cibiya ɗaya ta ƙera ita kaɗai. Mutane kan ɗauka girman madubi ne abin wahala, alhali madubin Mayall mai faɗin mita 4 da aka ɗora wa DESI tun 1973 yake aiki. A ganina wahalar duk tana mahaɗa: inda gilashi ya gamu da zare, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar haske irin na intanet, inda zare ya gamu da zare, inda abin da aka ƙera a Faransa ya gamu da wanda aka ƙera a Ingila.

Tagwayen layi

Hoto zai nuna maka wajen da galaksi take a sama, ba zai faɗa maka nisanta ba. Sai an tsefe haskenta an jera shi launi-launi daga shuɗi zuwa ja. A cikin jerin akwai layuka, kuma kowane sinadari yana da mazauninsa sananne. Haidurojin yana da jan layi a nanomita 656.3, wato tsawon zangon haskensa; nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Da yake sararin samaniya buɗewa yake, hasken da ya daɗe a hanya yakan miƙe, layukan su gusa wajen ja. In ka tarar da layin haidurojin a 721.9, raba da 656.3, cire ɗaya, ka samu 0.1. Wannan lamba ita ake kira z, daga gare ta ake fitar da nisa.

To amma galaksi mai nisa dusu-dusu take, sau da yawa layi ɗaya tal zai leƙo daga cikin hayaniyar awon. A ce ka gan shi a 745. Haidurojin ne na galaksin kusa mai z 0.135, ko oksijin ne mai mazauni a 372.7 na wadda ke z 1.0? Tsakanin amsoshin biyu akwai tazarar shekarun haske biliyoyi. Abin da ke raba gardama shi ne layin oksijin ɗin tagwaye ne, ɗaya a 372.60 ɗaya a 372.88. A z 1.0 ratar da ke tsakaninsu ta ninku ta zama nanomita 0.56. Ka raba 745 da 0.56, ka samu kusan 1,330: wannan shi ne mafi ƙarancin kaifin da na'ura za ta yi kafin ta fara ganin abu biyu ne. Don a ga kwarin da ke tsakaninsu sarai, sai an ninka. Shi ya sa aka tsara DESI da kaifi daga 2,000 a ɓangaren shuɗi zuwa 5,000 da ɗoriya a ƙarshen ja, kuma aka kai iyakarta nanomita 980, inda tagwayen ke ficewa a wajen z 1.6.

Daga wannan buƙata guda komai ke sauka. Ita ke faɗin yawan layukan da za a zana a gilashin tsefewa, da girman kamara, da kaurin zare. Zare siriri yana ƙara kaifi amma yana zubar da hasken galaksin. Mai kauri yana kwaso hasken sama da ba a so. Aka tsaya a kan zare mai ciki mikron 107, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A sama wannan ya yi daidai da sakan 1.5 na kusurwa. Sakan ɗaya na kusurwa shi ne girman ƙwandalar dala ashirin in ka hango ta daga nisan kilomita biyar.

Kafin zuwan robot da hannu ake yi. A shirin Sloan, wanda ya fara a 2000 da madubi mai mita 2.5 a New Mexico, faifan alminiyam ake hudawa, rami 640, daga baya 1,000, kowane rami daidai mazaunin galaksi guda, ma'aikata su cusa zare ɗaya-ɗaya da rana. Bayan an gama sai a haska zaruruwan bi da bi don a san wanne ya shiga wane rami. Kowane faifai na yanki ɗaya ne na sama, kuma an huda shi don wani lokaci na dare da wani zafin iska. In lokacin ya wuce ramukan sun daina dacewa da taurarin. A Ostareliya, na'urar 2dF ta sa robot ɗaya yana ɗaukar zare 400 masu maganaɗisu yana dasawa a farantin ƙarfe, ta auna galaksi sama da 220,000 tsakanin 1997 da 2002. Irin wannan dashen yana cin kusan awa guda, don haka ake yin faranti biyu, ana kallo da ɗaya ana shirya ɗaya. WEAVE ta tsibirin La Palma har yau a kan wannan tsari take.

Wa ke ƙera me

Dubi na'urar PFS da aka ɗora wa madubin Subaru mai mita 8.2 a Maunakea ta Hawai. Cibiyar Kavli IPMU ta jami'ar Tokiyo ce jagora. Ƴan robot kusan 2,400 masu riƙe zare daga Caltech da JPL na Kalifoniya suka fito. Igiyoyin zaren aikin Burazil ne. Kamarar da ke duba inda kowane zare ya tsaya daga Taiwan take. Na'urorin tsefewa huɗu a Marsai ta Faransa aka harhaɗa su, kamarorinsu na hasken da ya zarce ja kuma jami'o'in Princeton da Johns Hopkins suka yi. A Maris na 2025 ta fara aikin kimiyya.

4MOST ma haka. Cibiyar AIP ta Potsdam a Jamus ce ke riƙe da ragama, madubin kuwa VISTA ne mai mita 4.1 na ESO, hukumar binciken taurari ta ƙasashen Turai, a Paranal ta ƙasar Cile. Zare 2,436: kashi biyu cikin uku suna zuwa na'urori biyu da aka yi a Liyon, ragowar 812 suna zuwa mai kaifi sosai da aka yi a Heidelberg, masu saita zaren kuma daga Ostareliya. A DESI, ɗakin binciken Berkeley ne jagora, an harhaɗa gilasan gyaran hoto a Landan, igiyoyin zare a Durham, ƴan robot a jami'ar Mishigan, kamarorin bin taurari a Sifaniya, na'urorin tsefewa goma a Faransa.

Ba son zumunci ne ya haɗa su ba. Wanda ya ƙware a goge gilashi mai faɗin mita guda bai san kan ɗan inji mai kaurin milimita huɗu ba, kuma ba ƙasar da za ta ɗauki albashin injiniyoyi ɗari na shekara goma ita kaɗai. Biyan kuwa da dare ake yi. A tsarin ESO, cibiyoyin su kawo ma'aikata da wani ɓangare na kuɗi, hukumar ta biya su da dararen kallo da ba mai yi musu takara a kai. Masu ƙera MOONS, mai zare wajen 1,000 don madubin VLT na ESO a Paranal, dare 300 aka yi musu alkawari. Masu PFS sun samu dare 360. Mai madubi ma yana sadaukarwa: a 2018 aka rufe Mayall aka sauke kansa gaba ɗaya, VISTA kuma aka cire mata kamarar da aka gina ta dominta.

Tafiyar haske

Babban madubi yana tattara haske ya mayar da shi sama, amma hotonsa a tsakiya kawai yake da kyau. Don a samu fili mai faɗin digiri 3.2, wato faɗin farin wata sau shida a jere da ɗoriya, DESI ta sa gilasai shida a gaba, mafi girmansu ya ɗara mita guda. Nan kasafin haske ke farawa. Fuskar gilashi tsirara tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. Gilashi shida fuska goma sha biyu ne: 0.96 sau kansa sau 12 ya ba ka 0.61. Kashi 39 sun tafi tun kafin haske ya taɓa zare. In aka yi wa kowace fuska shafen da ke rage asarar zuwa kashi 1, sai ka tsira da 0.89. Saboda haka kowace cibiya ana yanka mata rabonta na asara a rubuce, kuma wadda ta zarce nata ta ci na wata.

Biyu daga cikin gilasan shida juyawa suke yi, don gyara ɓarnar iska. Iskar da ke kanmu tana lanƙwasa shuɗi fiye da ja, to in madubi ya karkato daga tsakar sama sai tauraro ya zama ɗan gajeren layi, shuɗi a kai ɗaya ja a ɗaya kan. Zare mai sakan 1.5 ba zai haɗiye layin duka ba. Gilasan biyu masu siffar weji ne, gefe ɗaya kauri ɗaya siriri, ana juya su saɓanin juna har su soke wannan miƙewa.

Daga nan sai farantin da hoton ke sauka, mai faɗin santimita 80, an yanka shi gida goma, kowane gida da robot 500. A nan ya kamata a daɗe. Kowane robot siriri ne dogo, yana da injin juyi biyu. Na farko yana juya kafaɗa mai tsawon milimita 3, na biyu yana juya hannu mai milimita 3 a kan kafaɗar, zaren yana bakin hannun. Da haka yana isa ko'ina a cikin da'ira mai faɗin milimita 12. Amma tsakaninsa da maƙwabcinsa milimita 10.4 ne kacal. Da gangan aka sa da'irorin suka shiga juna don kada a bar gurbin da ba mai isa, kuma sakamakon shi ne suna iya karo. Saboda haka kafin kowane motsi manhaja ke tsara wa duka 5,000 hanya: a naɗe hannu ciki, a juya kafaɗa, a sake miƙa hannu, wanda zai gamu da wani a jinkirta shi.

Injin ba ya sanin inda ya tsaya daidai, domin tsakanin haƙoran giya akwai ɗan wasa. Ga yadda ake kamo shi. Bayan motsi na farko sai a kunna fitila a can ƙarshen zaruruwan, a ɗakin na'urorin tsefewa, haske ya biyo zare a baibai, bakin kowane ɗaya ya yi ɗigo a kan faranti. Wata kamara da ke zaune wajen ramin tsakiyar babban madubi ta ɗauki hoton ɗigogin ta cikin gilasan gyara. A kan farantin akwai ɗigogin da ba sa motsi, waɗanda aka auna mazauninsu tun a ɗakin gwaji, da su ake gwada sauran. Kwamfuta ta lissafa kuskuren kowane robot, ta aika masa gyara, a kashe fitilar, sannan a buɗe wa sama. Duk wannan bai kai minti uku ba, kuma ana so zare ya tsaya cikin mikron 10 daga inda aka nufa. Ko iskar da ke kaɗawa a cikin ƙubbar madubin tana girgiza hoton ɗigogin, sai an cire tasirinta a lissafi.

Robot yakan mutu. Giya ta cije, ko waya ta saki. Mutuwar ɗaya ba asarar zare ɗaya kawai ba ce: in ya sandare da hannu a miƙe ya tare wa maƙwabtansa shida hanya, dole manhaja ta riƙa kewaye shi har ranar da za a sauke gidan. Sannan ga zafi. Injuna dubu goma da allunan lantarkinsu suna zaune ne a kan hanyar haske, kuma iska mai ɗumi da ke tashi a gaban madubi tana ɓata hoto. Don haka ake rufe su cikin akwati mai kariya, a zagaya da ruwan sanyi ya kwashe zafin zuwa ƙasa. 4MOST ta bi wata hanya: tsinke dogo mai karkata, ba hannu mai juyi ba. Tsinkayen suna iya matsowa kusa da juna sosai, abin da ke da amfani a inda taurari suka cunkushe, amma zaren da ya karkata ba ya fuskantar haske sak, ana ɗan yin asara. Kowace dabara da kuɗinta.

Zaren kansa

Ƴan'uwa masu haɗa zaren intanet a nan Maradi sun san rabin wannan magana. Naku mai ciki mikron 9 ne cikin riga mai 125, kuna fere shi, ku goge da alkol, ku yanke baki, inji ya narka ya haɗe, ku duba asara. Na DESI cikinsa 107 ne, rigarsa 150, kuma shi ma da narkawa aka haɗa guntun da ke jikin kowane robot da doguwar igiya, mahaɗa 5,000, saboda soket yana zubar da haske fiye da narkakken haɗi. Bambancin shi ne ku yawan hasken da ya fita kuke aunawa, su kuwa har da kusurwar da ya fita da ita.

Haske yana shiga zaren a siffar mazurari mai wani faɗi. Lafiyayyen zare yana fitar da shi kusan yadda ya shiga. Amma in an matse shi, ko gam ɗin da ya riƙe bakinsa ya bushe ya ja shi, ko an lanƙwasa shi da yawa, ko yankan bakin ya bar tsaga, sai hasken ya fito a baje. Bai ɓace ba, mitar awon haske za ta nuna maka yana nan, sai dai gefensa ya wuce bakin madubin farko na na'urar tsefewa, ya faɗi a banza. Gwajinsa mai sauƙi ne: a harba siririn haske cikin zaren a karkace, a ɗaya bakin zai fito a matsayin zobe a kan farin allo. Zobe siriri mai kaifin baki, zare lafiya lau. Zobe mai kauri mai dishi-dishi, akwai matsi a wani wuri. Ana yin wannan gwaji bayan manna baki, bayan narka haɗi, bayan naɗa igiya, bayan jigila. Wanda ya bari sai ƙarshe zai ga zoben ya lalace amma ba zai san a hannun wa ya lalace ba, kuma a aikin cibiyoyi goma wannan rigima ce.

Tsawo ma gardama ne. Igiyoyin DESI sun kusa mita 50, kuma gilashi yana shan shuɗi fiye da ja, kowace mita da abin da take ci. Masu neman shuɗin haske suna son igiya gajera. Masu na'urar tsefewa suna son ta sauka daga jikin madubi zuwa ɗaki mai tsayayyen zafi, don ƙarfe yana miƙewa da zafi, layuka su gusa a kan kamara. Su ne suka yi rinjaye, kuma daidai ne: asarar da ka san adadinta ta fi gusawar da ke canzawa kowace awa. Igiyar kuma dole ta bi ta gaɓoɓin madubin tana murɗuwa duk dare, shekara da shekaru, don haka ake naɗe bututun zaren a kewayen wata jijiya mai ƙarfi da ke ɗaukar ja, a bar zaren sakwa-sakwa a ciki.

A ɗakin, zare 500 na kowane gida suna jeruwa a layi ɗaya, rukuni 20 na 25-25. Madubai biyu masu zaɓen launi suna raba hasken gida uku, shuɗi, ja, da wanda ya zarce ja, kowanne da gilashin tsefewarsa da kamararsa. Kamara 30 ke nan. Idon kowace yana cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, an sanyaya shi ƙasa da digiri 100 a ƙarƙashin sifili, in ba haka ba zafin jikinsa kaɗai zai haifar da siginar da za ta binne galaksin. Abin da ke fita a hoto layuka 500 ne a jere, kowanne bakan abu guda, wato haskensa da aka jera launi-launi.

Ba duka zaren ake ba galaksi ba. Sama da kanta tana haske: a wajen kilomita 87 sama da mu akwai sinadarin da ke fitar da ɗaruruwan layuka a ɓangaren ja, sun fi galaksin haske nesa ba kusa ba, kuma ƙarfinsu yana canzawa cikin mintuna. Dole a ware ɗaruruwan zaruruwa su kalli inda ba komai, a cire abin da suka gani daga sauran. Wasu kuma a ba su taurarin da aka san haskensu don awo. Da yamma kafin a fara, ana haska farin allo a cikin ƙubba da fitilun sinadarai irin su neyon da argon da zaiba, a san wane ɗigo na kamara ne wane nanomita.

Takardar mahaɗa

Duk inda kayan cibiya biyu za su gamu akwai takarda da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu. Tana faɗin mazaunin kowane ramin noti, nauyi, wat nawa na zafi aka yarda a fitar, irin soket, da siffar umarnin da kwamfuta za ta aika. Abin da ya fi cin mutane shi ne abu mafi arha: ina ne sama, ina ne dama. Mai kamara yana kallon faranti daga gaba, mai robot yana kallonsa daga baya, madubi kuma yana juya hoto. In ɗaya ya ɗauki gabas a hagu ɗaya a dama, kowa aikinsa daidai ne a ɗakinsa, ranar haɗawa zare 5,000 su kalli duhu. Haka zafin da aka yi awo: ƙarfen da aka auna a ɗaki mai digiri 20 ba shi ne a kan dutse cikin daren sanyi ba.

Shi ya sa ake zaman bita kashi-kashi, da baƙin masana masu ikon cewa a dakata: bitar tsari na farko, bitar tsari na ƙarshe kafin a yanka ƙarfe, karɓa a Turai, sannan karɓa a kan dutse. Masu 4MOST sun harhaɗa na'urarsu a babban zaure a Potsdam, suka gwada, suka kwance, sannan suka tura Cile. Yana cin watanni, amma gyara a zaure ya fi gyara a hamadar Atakama arha. Inda ba za a iya haka ba, sai kowace cibiya ta ƙera gunkin kayan maƙwabciyarta, mai ramuka da nauyi iri ɗaya, ta gwada nata a kai.

Akwai kuma haɗin gwiwar da ba a gani a jikin na'ura. Zare ba ya neman galaksi, sai an faɗa masa inda take. Kafin DESI ta fara a Mayu 2021, madubai uku sun yi shekaru suna ɗaukar hoton sama don fitar da jerin abin kallo: Blanco a Cile, da Bok da Mayall a Kitt Peak, mazaunin taurarin kuma aka daidaita da awon tauraron ɗan'adam Gaia na Turai. Wani abin kuma ba ya cikin kowace takarda. A Yuni 2022 wutar daji ta hau Kitt Peak; madubin ya tsira, amma layin lantarki da na intanet sun ƙone, aiki ya tsaya watanni.

Mu a Maradi

Ba za a kafa irin wannan madubi a nan ba, kuma ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Garin bai kai mita 400 sama da teku ba, Paranal kuwa 2,635, Maunakea sama da 4,000. Damina gajimare, hunturu ƙura, ƙurar kuma tana shan shuɗin haske tana kwanciya a kan gilashi. Abin da ke hannunmu shi ne bayanan. Na Sloan a buɗe suke tun tuni, DESI kuma ta saki kashin farko a Maris 2025, abubuwa sama da miliyan 18, kyauta. Ɗalibin fizik a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo mai kwamfuta da ɗan sanin Python, yaren rubuta manhaja, zai iya sauke bakan galaksi guda, ya nemo tagwayen oksijin, ya fitar da z da kansa. Shawara: kada a fara da sauke babban kundin, zai cinye kuɗin intanet; a nemi yanki ƙarami.

Malaman makaranta kuma za su iya nuna ainihin dabarar da kwali. Faifan CD yana da layuka 625 a kowace milimita, DVD wajen 1,350, gilashin tsefewa ne na gaske. A samu kwali mai tsawon santimita 25, a yanka taga a kai ɗaya, a manna reza biyu baki da baki da ratar da ba ta kai rabin milimita ba. A ɗaya kan a sa guntun faifai a karkace, layukansa su yi daidai da tsayin tsagar, a huda ramin leƙe a samansa, a riƙa juya guntun a hankali har launuka su fito sannan a manne. A nufi doguwar farar fitilar ɗaki da muke kira neyon: za a ga layi kore a 546, shuɗi a 436, ja-ja a 611. Fitilar LED ba ta da layuka, shuɗi ne mai ƙarfi a wajen 450 sai shimfiɗa. Kada a kuskura a nufi rana da shi. In layuka sun narke cikin juna, tsagar ta yi faɗi. In launin ya yi fari-fari, haske na shiga ta kusurwar kwalin, a toshe da baƙin salatif. In ba a ga komai ba, layukan faifan sun gicciye tsagar, a juya guntun kwata.

Don a mayar da shi mai abubuwa da yawa, a rufe tsagar da takardar alminiyam, a huda ramuka uku da allura a jere bisa tsayinta, a sa wa kowane rami fitilarsa da ɗan bangon kwali a tsakani daga waje. Baka uku za su fito, ɗaya a kan ɗaya. A fara da ratar santimita guda tsakanin ramukan, a riƙa matso da su a sabuwar takarda har hasken fitila mai ƙarfi ya fara zuba cikin bakan mai rauni. Wannan ratar ce ke ƙayyade zare nawa kamara ɗaya za ta ɗauka.